RAM Nawa Ke Isar Siririyar Laftof? Yadda Za Ka Auna Kafin Ka Biya

Bara ƙanwata ta shigo gida da laftof a cikin jakar hannunta, irin siririyar nan mai jikin ƙarfe da ba ta kai nauyin bulon sabulu biyu ba. Ta saye ta ne saboda karatun digiri na biyu, kuma kuɗin da ta tara na wata da watanni ne suka tafi a kanta. Mai shagon ya ce mata, "Hajiya, RAM giga 8 ce, amma ai ana ƙarawa duk ranar da kika so." Wata huɗu bayan nan ta kira ni da daddare: "Yaya, abin nan fa ya fara gajiyar da ni. In na buɗe babin da nake rubutawa, na buɗe takardun da nake karantawa, malami ya kira mu a Zoom, sai komai ya tsaya cak."

Washegari muka kai wa mai gyara. Ya kwance ƙananan kusoshin bayanta ya jera su a kan murfin gwangwani, ya zura ɗan roba ya ɓalle marfin, ya haska fitilar waya a kan fanel ɗin, wato babban farantin da kayan cikin kwamfuta ke liƙe a kai. Ya nuna mini wasu baƙaƙen ƙwayoyi guda huɗu, kowace ba ta wuce farcen babban yatsa ba, a liƙe kusa da firosesa, wato injin da ke sarrafa aikin kwamfuta. Ya ce, "Malam, ga RAM ɗin nan. A jikin fanel aka narka ta. Babu gurbin da zan sa wata."

Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni cewa a siririyar kwamfuta, tambayar RAM sau ɗaya ake amsa ta, ranar saye. Tun ran gini, tun ran zane. Ga yadda nake bi da mutum har ya gano adadin da ya dace da shi.

Mataki na farko: raba RAM da ma'ajiya

Mu kan kira duka biyun "memori", kuma daga nan ruɗanin yake farawa. Wanda ya saba sayen waya ya san ana cewa 4/64 ko 8/256. Lambar farko ita ce RAM, ta biyu ma'ajiya. Haka abin yake a laftof.

Ma'ajiya rumbu ce. A nan hotuna, takardu, manhajoji da shi kansa Windows suke kwance, ko an kashe kwamfutar ko an ɗauke wuta. RAM kuwa faifai ne, inda ake zubo hatsin da za a yi aiki da shi yanzu. Da zarar an kashe na'urar, faifan ya koma wayam. Duk abin da ka buɗe, shafin intanet ne ko takardar Word ko bidiyo, sai an ɗebo shi daga rumbu an zuba a faifai kafin firosesa ta taɓa shi.

To idan faifan ya cika fa? Kwamfuta ba ta cewa ta ƙi. Da farko takan matse abin da ke ciki don ya rage cin wuri. Apple ya shigo da wannan dabara a shekarar 2013, Microsoft kuma ya sa ta a Windows 10. Idan matsewar ba ta isa ba, sai ta kwashe wani abin ta mayar rumbu, ta sake ɗebo shi in an buƙata. Wannan kai-komon shi ne tsayawar da ƙanwata take gani. Saurin sanda ɗaya ta RAM irin DDR4-3200 yana iya kai kusan giga 25 a daƙiƙa. Ma'ajiyar SSD mai kyau irin NVMe ta ƙarni na uku takan tsaya wajen giga 3 da rabi, irin SATA kuwa ba ta wuce rabin giga da ɗan ɗoriya. Saboda haka komai girman ma'ajiyarka, ba za ta maye gurbin RAM ba. Wanda ya ce maka "tana da tera guda, ba za ta taɓa nauyi ba", rumbu yake yabo alhali matsalarka faifai ce.

Mataki na biyu: gane abin da ya sa siririya ta fita daban

A tsofaffin laftof masu kauri, RAM sanda ce da ake kira SO-DIMM. Ka buɗe baya, ka ture ƙarafuna biyu na gefe, ta ɗago da kanta, ka zare ka sa wata. Gurbin da take shiga yana da tudu, kuma mai ƙera siririyar na'ura milimita yake ƙirgawa. Sai suka koma ga nau'in da ake sa wa waya, wato LPDDR, wanda ake narkawa kai tsaye a jikin fanel. Ba rowa kaɗai ce ta sa su yin haka ba, ko da yake ba zan wanke su tas ba, don sun san wanda ba zai iya ƙarawa daga baya ba dole ya biya farashinsu tun farko. Amma akwai amfani na gaskiya: LPDDR ba ta shan batir kamar sanda, musamman in kwamfutar tana barci, kuma kusancinta da firosesa yana ba ta damar gudu sosai.

Wasu sun wuce nan ma. Tun daga firosesar M1 da Apple ya fitar a Nuwamban 2020, RAM ɗin MacBook tana kan kunshi ɗaya da firosesa. Intel ma ya yi haka a jerin Core Ultra 200V na shekarar 2024, inda zaɓi biyu ne kawai, giga 16 ko 32. MacBook Air kuwa tun fitowarta a 2008 ba ta taɓa zuwa da gurbi ba. Dell XPS 13 da ThinkPad X1 Carbon su ma a narke tasu take.

Akwai wani abu na biyu da masu saye ba su cika lura da shi ba. Siririyar laftof yawanci ba ta da katin hoto mai zaman kansa da tasa RAM ɗin. Sashen da ke zana abin da kake gani a allo yana cikin firosesa, kuma daga RAM ɗinka yake ɗiba. Ka haɗa babban allo na waje ko ka buɗe bidiyo mai nauyi, sai rabonsa ya ƙaru. Ke nan giga 8 da aka rubuta a kwali ba duka ne naka ba.

An fara samun mafita. Akwai sabon tsari mai suna LPCAMM2, ɗan faranti ne shimfiɗaɗɗe da ake ɗaure shi da kusoshi, yana ba da saurin LPDDR kuma ana iya canza shi. Lenovo ya sa shi a ThinkPad P1 na ƙarni na 7 a 2024. Kamfanin Framework ma tun 2021 yake yin sirara masu gurbi biyu. Amma waɗannan ba su ne suka cika kasuwa ba, don haka ka ɗauka cewa duk siririyar da ka gani a narke RAM ɗinta take, har sai ka tabbatar da akasin haka.

Mataki na uku: auna aikinka, ba aikin wani ba

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa. Mutane sukan tambayi aboki, su kalli bidiyon wani Bature da ke haɗa fim, su yanke hukunci. Alhali amsar tana cikin kwamfutar da kake amfani da ita yanzu. In ba ka da ita, ari ta ofis ko ta wani ɗan'uwa na yini guda.

Zaɓi ranar da aiki ya fi yi maka yawa, ba ranar hutu ba. Buɗe duk abin da ka saba buɗewa a lokaci guda, yadda kake yi da gaske. Kada ka yi wa kanka kara ka rufe shafuka don lissafi ya yi kyau. In kai mai barin shafuka talatin ne a burauza, bar su. Buɗe Word, buɗe Excel ɗin nan mai layuka dubbai, buɗe WhatsApp na kwamfuta, shiga taron bidiyo ka kunna kyamara. Yi aiki na awa biyu ko uku a haka, don cin RAM yana taruwa ne a hankali.

Sannan, in Windows ce, danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, ka zaɓi Memory. Lambobi uku za ka kalla.

Ta farko "In use", wato abin da ake amfani da shi yanzu. A gefenta akwai adadin da aka matse. In wanda aka matse ya yi yawa, kwamfutar ta fara ƙoƙarin neman wuri ke nan.

Ta biyu "Available", abin da ya rage da za a iya ba sabuwar manhaja nan take. Wannan ce na fi dogara da ita. In tana yawo ƙasa da giga 1 a tsakiyar aikinka, faifanka ya yi maka kaɗan.

Ta uku "Committed", lambobi biyu ne da sanda a tsakani. Ta hagu ita ce jimillar abin da Windows ya yi wa manhajoji alƙawari. Ba duka suke amfani da shi ba a lokaci guda, amma in kana da giga 8 ka ga ta hagu tana nuna 12 ko 13 kullum, to ka san inda buƙatarka ta dosa. A kwamfutar ƙanwata, ranar da muka gwada, abin da ya rage bai kai rabin giga ba, kuma ba ta ma kunna kyamara ba tukuna.

A MacBook, buɗe Activity Monitor ka shiga Memory. Kada yawan "Memory Used" ya tsorata ka. Kalli zanen da ke ƙasa mai suna Memory Pressure. Kore lafiya lau. Ruwan ɗorawa yana nufin ana matsewa ana lallaɓawa. Ja kuwa ta ƙure. Duba kuma "Swap Used", wato abin da aka kwashe zuwa ma'ajiya. In yana kai giga da yawa kowace rana, alama ce. Mai Linux, wato wani tsarin kwamfuta daban da Windows, ya rubuta free -h, ya kalli layin available.

A nan akwai wani kuskure da nake so in kawar. Mutum zai buɗe Task Manager bai buɗe komai ba, ya ga an cinye rabin RAM, hankalinsa ya tashi. Ba matsala ba ce. Tsarin kwamfuta da gangan yake ajiye abubuwan da yake tsammanin za ka nema a wurin da babu kowa, kuma yana sakinsu da zarar wata manhaja ta buƙaci wurin. Shi ya sa Windows ɗin da ke cin giga 3 zuwa 4 a na'ura mai giga 8 zai iya cin fiye da haka a mai giga 32. RAM da ke zaune ba a amfani da ita ba ta ƙara maka komai. Abin dubawa shi ne ko ana samun wuri lokacin da ake nema.

In kana so ka san wane ne mai cinyewa, koma Processes ka danna kan Memory don ya jera su daga babba. Sau tara cikin goma burauza za ka gani a sama. A cikin Chrome, Shift da Esc zai nuna maka abin da kowane shafi ke ci, kuma za ka sha mamaki: shafin rubutu zalla ɗan kaɗan yake ɗauka, amma Gmail, Google Docs, Facebook ko YouTube kowanne na iya cin ɗaruruwan mega. Ƙari a kan haka, manhajoji da yawa na yau, irin su Slack, Discord, Teams da VS Code, a kan injin burauza aka gina su. Wato ko ka rufe Chrome, akwai 'yan'uwansa uku ko huɗu suna gudu a ɓoye. Wannan ne ya sa giga 8 da ta wadatar a 2016 take shan wahala yau, ba wai RAM ɗin ce ta tsufa ba.

Bayan ka samu lambar da aikinka ya kai, ƙara mata rabinta. In ka ga giga 10, ka lissafa 15. Laftof ba ta shekara ɗaya ba ce. Yawancinmu mukan riƙe ta shekara huɗu zuwa shida, sannan mu miƙa wa ƙane ko ɗa, kuma a tsawon wannan lokaci manhajoji ƙiba suke yi, ba sa ramewa.

Mataki na huɗu: daidaita lambar da abin da ke kasuwa

Giga 4. Microsoft ya rubuta cewa ita ce mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke buƙata, tare da ma'ajiyar giga 64. Ma'anar wannan ita ce zai kunna, ba wai za ka yi aiki cikin natsuwa ba. Sababbin sirara masu araha da ke zuwa da giga 4 a narke, galibi da ma'ajiya mai jinkiri irin eMMC, ni ba na ba kowa shawarar saye, ko da yaro za a saya wa. Araha ba ta ado. Gara tsohuwar kwamfutar ofis mai gurbi.

Giga 8. A nan ake ta ja-in-ja, kuma ba zan ce ba ta da amfani ba. Mai buga wasiƙu, mai lissafin shago a Excel, ɗalibin da ke karanta takardu yana rubutu da shafuka biyar ko shida, za ta yi masa. A Chromebook, wato laftof mai tsarin Google, ma ta wadatar, shi ya sa Google ya sa ta a matsayin ma'aunin Chromebook Plus. MacBook Air M1 mai giga 8 har yanzu tana aikin yau da kullum da kyau, domin ma'ajiyarta na da sauri kuma tsarin ya iya lallaɓa ƙaramin wuri. Amma ka lura da abin da su kansu kamfanonin suka yi. A Mayun 2024 Microsoft ya ce duk na'urar da za ta ɗauki sunan Copilot+ sai tana da giga 16. A Oktoban wannan shekarar Apple, wanda ya daɗe yana kare giga 8, ya mayar da MacBook Air giga 16 ba tare da ƙara farashi ba. Masu rubuta manhaja suna bin abin da ya zama ruwan dare ne. Saboda haka sharaɗina a kan giga 8 ɗaya ne daga biyu: ko dai tana da gurbin ƙari, ko kuma ta hannu ce da ka samu da sauƙi kana sane cewa shekara biyu ko uku za ta yi maka.

Giga 16. Ga mafi yawan mutane, wannan ce amsar. Malamin jami'a, ɗan jarida, ma'aikacin banki, lauya, ɗalibin da ke nazarin alƙaluma, mai tsara hotuna a Canva ko Photoshop, mai koyon rubuta manhaja, mai yanka gajeren bidiyo na TikTok da YouTube. Adobe da kansa giga 16 yake ba da shawara don Photoshop, haka kuma don bidiyon HD a Premiere Pro. Da giga 16 za ka bar shafuka da yawa a buɗe, ka shiga taro, ka raba allonka, ba tare da ka riƙa tunanin me za ka rufe ba. In kuɗinka ya tsaya tsakanin Core i7 mai giga 8 da Core i5 mai giga 16 na ƙarni ɗaya, ɗauki i5 ɗin ba tare da waiwaye ba. Mutanenmu suna son jin "i7", amma firosesa mai ƙarfi da ke jiran a ɗebo mata daga rumbu ba ta fi mai rauni sauri ba.

Giga 24 ko 32. Wannan na wanda ya san sunan aikin da zai ci ta ne. Mai tace fim a 4K, wanda Adobe ke ba shawarar giga 32 ko fiye. Mai zanen gine-gine, domin sababbin fitowar AutoCAD su ma 32 suke nema don aiki mai daɗi. Mai rubuta manhajar Android da ke kunna wayar gwaji a cikin kwamfuta, ko mai gudanar da wata kwamfuta a cikin tasa don koyon tsaron intanet, inda kowace ɗaya sai an yanka mata giga 4 ko fiye. Sai masu son gudanar da ƙirƙirarriyar basira a kan na'urarsu ba tare da intanet ba: samfurin basira mai ma'auni biliyan 7 ko 8, in an matse shi, yana cin wajen giga 5 shi kaɗai. Wanda ke amfani da ChatGPT ko Gemini ta burauza kuwa bai shiga wannan lissafi ba, domin aikin a can kwamfutocin kamfanin ake yin sa.

Sai dai ina da jan hankali ga mai irin wannan aiki. RAM mai yawa ba ta maganin zafi. Siririyar laftof ƙaramar fanka gare ta, wata ma babu, kuma a watan Afrilu, a ɗakin da babu sanyi, za ta rage gudu don kare kanta ko da giga 64 ke cikinta. In tace fim ne sana'arka daga safe zuwa dare, wataƙila ba siririya ce ta dace da kai ba tun asali.

Fiye da 32 a siririya, in har kana tambayar ko kana buƙata, ba ka buƙata.

Mataki na biyar: abin da za ka duba a gaban mai sayarwa

Yawancinmu ba sabuwa a kwali muke saya ba. Ta hannu ce da aka shigo da ita daga Ingila ko Amurka, a Farm Centre ta Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. Wannan ba aibi ba ne, har ma yana da fa'ida, domin kwamfutocin ofis na 'yan shekarun baya da yawa suna da gurbi. ThinkPad T480 gurbi biyu gare ta. HP EliteBook 840 G5 da G6 ma haka. T480s kuwa rabi da rabi ce, wani sashe a narke da gurbi guda a gefe. Amma EliteBook x360 1030, duk da sunan gidansu ɗaya da 840, a narke take. Harafi ɗaya ko lamba ɗaya a sunan na'ura na iya canza labarin gaba ɗaya, don haka kada ka tsaya a "HP ce" ko "Lenovo ce". Juya ta ka karanta cikakken sunan samfurin a ƙasa, ka nema a wayarka. Lenovo yana da shafin PSREF da ke bayyana ko a narke take ko tana da gurbi, da iyakar abin da za ta ɗauka. HP da Dell suna da littafin gyara na kowane samfuri a shafukansu.

Bayan nan ka ce a kunna maka. Kada ka yarda da takardar da aka manna a jiki. A shafin Memory ɗin nan na Task Manager, can ƙasa ta dama, akwai "Form factor". In ya ce SODIMM, galibi sanda ce. In ya ce "Row of chips", a narke take. Akwai kuma "Slots used", amma kada ka dogara da shi shi kaɗai, domin na'urar da ba ta da gurbi ko ɗaya tana iya nuna 2 cikin 2 ko 4 cikin 4. In da sauran shakka, ka ce cikin ladabi, "Alhaji, don Allah a buɗe bayan in gani." Gani ya kori ji, kuma mai gaskiya ba zai ƙi ba. Da an yi wa ƙanwata haka, minti biyar ne kawai.

In tana da gurbi biyu, ka fi son sanduna biyu masu girma ɗaya a kan sanda ɗaya babba. Giga 8 sau biyu ta fi giga 16 guda sauri, domin hanya biyu ake bi maimakon ɗaya, kuma sashen hoton da ke cikin firosesa shi ya fi kowa cin moriyar haka. Wajen sayen sanda kuma a kula da ƙarni: DDR3L, DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. Kada a danna da ƙarfi. Kafin ka bar shagon, ko da ka isa gida a cikin kwanakin garanti, rubuta mdsched a wurin bincike na Windows ka bar shi ya gwada RAM ɗin. Sanda mai lahani ita ce ke kawo shuɗin allo da mutuwar na'ura haka siddan, kuma in a narke take, gyaranta ya zama na fanel gaba ɗaya.

Kada RAM ta mantar da kai ƙarnin firosesa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga Intel ƙarni na 8 yake farawa, ko Ryzen 2000, ban da 'yan ƙalilan. Giga 16 a kan ƙarni na 6 ba ciniki ba ne mai kyau yanzu. Batun farashi kuma, tun ƙarshen 2025 RAM ta yi tsada a duniya, saboda kamfanoni uku ne, Samsung da SK hynix da Micron, ke yin mafi yawanta, kuma cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashewa. Don haka tsohon lissafin nan na "in saya da 8, in ƙara daga baya da araha" sai ka tambayi kuɗin sanda a ranar kafin ka dogara da shi.

Mataki na shida: in ka riga ka saya mai giga 8 a narke

Ba a yar da ita. Ga abin da muka yi wa ta ƙanwata. Mun shiga sashen Startup na Task Manager muka kashe duk abin da ke tashi da kansa in an kunna, sai wanda ya zama dole. Mun cire manhajar rigakafin da aka cusa mata, muka bar wadda Windows ya zo da ita. A Chrome mun kunna Memory Saver a ƙarƙashin Performance, wanda ke kwantar da shafukan da ba a taɓa ba, Edge ma yana da irinsa. Mun goge ƙarin kayan burauza guda bakwai da ba ta ma san ranar da suka shiga ba. Takardun karatu kuma ta koma sauke su tana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, maimakon barin ashirin a jere.

Abubuwa biyu ne na hana ta. Kada ta sauke manhajojin da ke cewa suna "wanke RAM", domin abin da suke yi shi ne tura komai zuwa ma'ajiya, sai kwamfutar ta sake wahalar ɗebowa. Kuma kada ta bari wani ya kashe mata pagefile, wato wurin da Windows ke juye abin da ya yi yawa. In aka kashe shi, maimakon jinkiri sai manhaja ta rufe da aikinka a ciki. Ta bar aƙalla kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na ma'ajiyarta a sake don wannan juyen ya samu wuri. Wanda tasa giga 4 ce kuwa, Linux Mint zai fi yi masa sauƙi a kan Windows 11, in aikinsa bai dogara da wata manhaja ta Windows ba.

Ranar da za ta gabatar da babinta ta Zoom, ta sake kunna kwamfutar minti goma kafin lokaci, ta buɗe PowerPoint da Zoom kaɗai, ta bar WhatsApp a waya. Abin da ya rage ya tsaya wajen giga 2 har aka tashi taron.